Ɗan Hakin Da Ka Raina

Duk shekara in damina ta ja baya, aka shiga girbi da sussuka, ma'aikatan asibitin ido sun san abin da ke tafe. Sai ka ga an jawo manomi ya rufe ido guda da tsumma, in an buɗe a tarar baƙin idon ya koma fari fat. In likita ya tambaye shi mafari, sai ya ce ai ganyen dawa ne ya shafe shi, ko kuwa ƙaiƙayi ya faɗa masa wajen sheƙa. Yaushe? Yau kwana 10, ko mako 2. Me aka sa masa? Nan fa sai ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya shiga lissafi: an ɗiga nonon mai jego, an sa kwalli, an sa ruwan wani ganye, daga baya aka sayo na kwalba a kemis.

Mun daɗe muna juya wannan al'amari a zuci, ga kuwa inda ra'ayinmu ya tsaya. Idanu da yawa da a ke hasararsu bayan rauni, raunin kansa bai isa ya kashe su ba. Abu biyu ke ƙarasa su, watau jinkiri, da abin da a ke ɗurawa cikinsu da sunan magani. Dukansu kuwa a gida su ke aukuwa, ko a gona, ko a farfajiyar makaranta, tun likita bai ji labari ba. Don haka mu ke fuskantar da maganar gare ku, malaman makaranta da akawunan ofis. A ƙauye in abu ya faru, wurin wanda ya yi karatu a kan fara rugawa a ji ta bakinsa, abin da ya faɗa cikin 'yan mintocin farko kuwa sau da yawa shi ke raba mai ido biyu da mai ido ɗaya.

Kada wani ya ce abin bai kai a cika jarida da shi ba. A shekarar 1998 waɗansu likitoci biyu, Negrel da Thylefors, suka tattara lissafi don Hukumar Lafiya ta Duniya. Suka ce kowace shekara a kan sami raunin ido wajen miliyan 55 irin wanda ke hana mutum aikinsa fiye da yini guda, cikinsu kuwa wajen 200,000 ƙwayar idon ce ke fashewa ko hujewa. Suka ce mutum miliyan 1 da dubu 600 sun makance saboda rauni, kusan miliyan 19 kuma sun rasa ganin ido ɗaya, ko dai ganinsa ya ragu. A dubi wannan adadi na ƙarshe da kyau. Masu ƙidayar makafi da idon da ya fi gani su ke aunawa, saboda haka mai ido ɗaya ba ya shiga lissafinsu. Binciken da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna wajen mutum 4 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, yanar ido ce kuma kan gaba. Amma duk masu sana'ar da ƙarfe ya ci wa ido guda, da yaran da tsinke ya tsone, suna waje da wannan adadi. Mun kuwa san su, kusan kowace unguwa akwai. An ce mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Gaskiya ne, amma tsakaninsa da makahon ɗan tsinke guda ne.

Mu fara da raunin da ba ya jiran kowa, watau in wani abu mai ƙuna ya faɗa ido: garin siminti, farar ƙasa, sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, ruwan batir, maganin feshi, ko ruwan tumfafiya da yara kan ɓalla wajen wasa. Nan kaɗai ne a ke fara magani kafin a nemi mota, maganin kuwa ruwa ne tsantsa. Kowane gida akwai buta. A kwantar da mutum, a karkata kansa wajen idon da abin ya shafa don kada ruwan ya gangara cikin mai lafiya, wani ya ware fatar idon da yatsu ko da mai shi yana ihu, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta, yana jujjuya idon sama da ƙasa. Buta guda ba ta isa ba. A dubi agogo, a yi minti 20 zuwa 30 ana zubawa, in akwai ɓarɓashin siminti ƙarƙashin fatar a tabbata ya fita. Bayan haka a tafi asibiti. Mutane sun fi jin tsoron ruwan batir, alhali siminti da soda da farar ƙasa sun fi shi mugunta, don su narkar da naman ido su ke yi, su yi ta nutsawa ciki muddin ba a wanke su ba. Kuma kada farin ido ya ruɗi kowa. Idon da soda ta ƙona, in ya yi fari tas babu ja ko kaɗan, wannan alamar jijiyoyin jininsa sun mutu ce, ya fi mai ja hatsari.

Haka kuma dafin gamsheƙa, macijin nan mai tofi. A 1976 likita Warrell da abokin aikinsa Ormerod suka buga bayanin mutanen da suka duba a Zariya waɗanda gamsheƙa ta tofa wa dafi a ido, har da waɗanda abin ya kai su ga makanta. Shi ma ruwa mai yawa nan take, sa'an nan asibiti.

To, amma in abu mai tsini ne ya huda ƙwayar idon, hukuncin ya juya sarai. Nan ba a zuba ruwa, ba a ɗiga kome, ba a shafa man ido, ba a dannawa. Yaya za a gane? Gani ya kan ragu nan da nan. Ɗigon baƙin nan na tsakiya, wanda a ka'ida zagayayye ne, sai ka ga ya karkace ya yi tsini wajen guda. Wani lokaci a ga wani abu baƙi ko ruwan ƙasa ya leƙo daga bakin raunin. Sau da yawa mai tausayi ya kan zaci datti ne, ya sa gefen riga ya share, nan kuwa kayan cikin idon ne ya jawo waje. In tsinken ko wayar na nan kafe, a bar shi inda ya ke, likita ne zai cire. Abin da za a yi shi ne a yanko gindin kofin roba, a kifa a kan idon yadda bakinsa zai zauna bisa ƙashin gira da na kunci ba tare da ya taɓa idon ba, a manne da filasta. Kada a ba shi abinci, don mai yiwuwa ne a sa shi barci a yi masa aiki. Likitoci sun fi son su ɗinke irin wannan rauni cikin awa 24, kafin ƙwayoyin cuta su kafu a ciki.

Akwai wani nau'i na wannan da ya fi kowanne yaudara. Maƙeri, ko bakanike, ko mai fasa dutse, ya buga guduma a kan ƙarfe, sai ya ji wani abu ya ɗan harbe shi a ido. Ya murza, ya yi hawaye kaɗan, zafin ya lafa, ya ci gaba da aiki. Ashe ɗan ɓarɓashin ƙarfe wanda bai kai ƙwayar gero ba ya ratsa ya shige can ciki, ƙofar da ya bi ta rufe. In bai kawo ruɓa cikin kwanaki ba, sai ya zauna yana tsatsa, tsatsar tana cin gani a hankali, bayan watanni ko shekaru idon ya mutu, mai shi yana cewa sammu ne. Duk wanda ya ji haka sa'ad da ƙarfe ke dukan ƙarfe, lalle ne likitan ido ya duba shi, a ɗauki hoto, ko da yana rantsuwa ba ya jin kome.

Wani abin tsoro kuma, idon da ya huje aka bar shi ba gyara ya kan jawo wa ɗan'uwansa mai lafiya kumburi, ko da ya ke ba kasafai ba. Malamai da yawa sun san rubutun makafi na Braille, wanda a ke karantawa da yatsa, irin wanda aka koyar a makarantar makafi ta Gindiri da aka buɗe a 1953. Mai wannan suna, Louis Braille, an haife shi a Faransa a 1809, ubansa baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Yana ɗan shekara 3 ya ɗauki basilla a rumfar uban yana wasa, ta kuɓuce ta soke shi a ido ɗaya. Kafin ya wuce shekara 5 ɗayan ma ya tafi. Shi Allah ya ba shi basirar da ya amfani duniya da makantarsa, amma rumfar dukanci da basilla a ajiye ƙasa, da yaro yana rarrafe kusa, ba sai an je Faransa a ke ganinsu ba.

Sai kuma bugu wanda bai fasa ido ba: ƙwallo, naushi, dutsen danƙo, ƙahon saniya, ko robar ɗaure kaya a babur in ta tsinke ta dawo. Kumburin fata da baƙin da ke zagaye ido su ne ke ɗauke hankalin mutane, alhali su ne masu sauƙi, tsumma mai sanyi ya ishe su in an ɗora a hankali. Abin dubawa yana ciki. In ka ga jini ya kwanta a gaban baƙin ido, kamar ruwa a gindin kofi, to a zaunar da mutum kansa a sama, kada a ba shi asfirin, a kai shi asibiti ran nan. Irin wannan jini ya kan sake tsinkewa cikin kwana 5 na farko, na biyun kuwa ya fi na farko ɓarna. A ƙasarmu akwai ƙarin dalilin hanzari, don kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da gadon sikila a jininsa ko da bai taɓa ciwonta ba, jinin irin waɗannan kuwa ya kan toshe magudanar ruwan ido, ƙarfin ruwan ya hau ya lalata jijiyar gani da sauri. Wanda kuma ya sha bugu, bayan kwanaki ko makonni ya fara ganin walƙiya, ko baƙaƙen abubuwa suna yawo, ko kamar an sako labule daga gefe, shimfiɗar gani ce ta bayan ido ke ɓamɓarowa, ba a kwana da ita.

Gwajin da ya fi kowanne amfani kuwa ba ya bukatar na'ura, kowane malami yana iya yinsa a aji. A rufe ido mai lafiya da tafin hannu, a sa yaro ya karanta abin da ke kan allo, ko ya ƙidaya yatsu daga nesa, sa'an nan a gwada ɗayan. In akwai bambanci, magana ta ƙare, sai asibiti. Mutum yana iya yin kwanaki bai san ido guda ya daina gani ba, saboda ɗayan yana rufa masa asiri.

Mu koma kan manominmu, don nasa shi ne mafi yawa. Ganye ko ƙaiƙayi ya kan yi ɗan ƙarce ne a fuskar baƙin ido, wanda in an kiyaye shi, cikin kwana 1 ko 2 ya warke. Kada a murza, a wanke da ruwa mai tsabta, in har ana jin tsakuwa-tsakuwa bayan haka a je ɗakin shan magani ran nan, ma'aikacin lafiya ya duba ya ba da man ido mai kashe ƙwayoyin cuta. A gundumar Bhaktapur ta ƙasar Nepal an gwada wannan, aka buga sakamakon a 2001: cikin mutum 442 da suka ƙarce ido aka sa musu man kuloramfenikol, 424 sun warke ba tare da gyambo ba, waɗanda aka fara wa cikin awa 18 kuwa babu ko ɗaya da idonsa ya yi gyambo. In aka bar shi, ƙwayoyin cuta da fumfunar da ke jikin tsiro su kan shiga ta ƙarcen, su yi gyambo, gyambon ya bar hakiya, ko ya huda idon ɗungum.

Ba mu raina hikimar iyaye da kakanni ba, amma a nan dole a faɗi gaskiya. Nono, da ruwan sukari, da ruwan albasa, da garin ganye, da kwalli, babu wanda ke warkar da rauni a ido, kowannensu kuwa yana iya shigar da ƙazanta ko ya ƙona. Tun da ciwon idon nan da a ke kira Afolo ya ɓullo a Ghana a 1969, likitocin Afirka ta Yamma su ke kuka da masu ɗiga fitsari, gafara dai, wanda ya kan ɗauko ciwon sanyi ya kai shi ido, ya cinye shi cikin 'yan kwanaki. Na kemis ma ba duka ne alheri ba. Akwai magungunan ɗigawa masu ɗauke da abin da a ke kira sitiroyid, irin su deksametazon, waɗanda ke kawar da ja da zafi cikin dare guda. Mai ciwo ya yi murna ya sa wa mai kemis albarka, nan kuwa maganin ya kwance wa idon makamansa ne, fumfuna tana ci ba mai hana ta. Irin wannan magani ba a ɗiga shi sai da hannun likitan ido. Addu'a kam a yi ta, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Yanzu kuma, malamai, ku yi mana gafara, za mu taɓo ku. Likitocin ido na Nijeriya sun sha rubuta labarin yaran da bulala ta ɓata wa ido, a makaranta da gida. Babu malamin da ya tashi da niyyar haka, mun sani. Bayan yaro a ke nufi, ko kafaɗa, sai ya waiwayo, ko bakin tsumagiyar ya lanƙwaso ta gefen fuska, ko ta karye guntun ya tashi ya sami wani yaro dabam da ke zaune bai yi laifin kome ba. Haka jifa da alli ko da abin share allo. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Yaron da aka doka don bai iya karatu ba, in idon ya tafi da me zai karanta? Mu dai a ganinmu, hannun da bai iya ba da tabbacin inda bulala za ta sauka ba, ajiye ta ya fi masa, kuma babu hannun da ke iya ba da wannan tabbaci. Maganar ta haɗa da iyaye da malaman allo. Ga kuma wata illa ta ɓoye: yaron da ke tsoron duka, in ya ji ciwo wajen wasan kibiyar tsinken tsintsiya, ko abokinsa ya tsone shi da biro, ɓoyewa ya ke yi. Sai bayan kwana 3 uwa ta lura ido yana kwantsa, lokacin kuwa awa 24 ɗin nan ta likita ta daɗe da wucewa. Ya kamata kowane shugaban makaranta ya faɗa a gaban taron yara, ya kuma cika, cewa wanda ya kawo ƙarar ciwon ido ba za a hore shi ba, ko da shi ya jawo wa kansa.

Batun tsari kuwa gajere ne. Likitocin ido na Amurka sun ce raunuka 9 cikin 10 da an sa tabarau na tsaro da ba su auku ba. Ba tabarau na ado mu ke nufi ba, irin wanda masu walda da yawa ke sawa, wanda ba ya tare tartsatsi, yaran shago kuwa ko shi ba su da shi, suna tsaye suna kallon wutar. Bayan awa 6 zuwa 12, tsakar dare, sai su farka kamar an zuba musu yashi a ido. Wannan ya kan warke cikin kwana 2, amma na guduma da na injin wasa ƙarfe ba ya dawowa. A nan ne akawu ke da hannu. Ku ke rubuta jerin kayan da za a saya in za a yi gini, ko fasa dutsen hanya, ko feshin magani. Ku sa tabarau na tsaro cikin jerin, ku sa shi cikin sharuɗɗan kwangila. Kuɗin guda bai kai na buhun siminti ba. Wanda kuma ya riga ya rasa ido ɗaya, shi ya fi kowa bukatarsa, kullum in zai yi aiki.

Saura sanin inda za a nufa. Asibitin ido na mishan da ke Kano yana aiki tun 1943, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna wadda aka kafa da dokar 1979, asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos kuma duk suna da sashen ido. Ƙaramin ɗakin shan magani yana iya wanke ido ya ba da mai, amma ba ya ɗinke ƙwayar da ta fashe, yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan kuwa shi ke cinye yini. Muna roƙon kowane shugaban makaranta da kowane babban akawu ya bincika tun yau wane asibiti ne mafi kusa da ke da likitan ido, ya rubuta ya manna a bangon ofis, ƙungiyar iyaye da malamai kuma ta ware ɗan kuɗin mota don irin wannan rana, kada a tsaya jiran uba ya dawo daga kasuwa. In za a tafi, wanda ya iya alƙalami ya rubuta 'yar takarda a ba mai rakiya: ƙarfe nawa abin ya faru, mene ne ya sami idon, me aka sa masa in an sa, da lokacin da ya ci abinci na ƙarshe. In maganin feshi ne ko wani ruwa mai ƙuna, a tafi da kwalbar ko ledarsa, likita ya karanta abin da ke jiki.